Shaho a Sama, Gansakuka a Ƙasa

A can ƙurewar arewacin Sikotlan, a yankunan Caithness da Sutherland, akwai wani fili da ake kira Flow Country. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 4,000. Babu gona, itatuwa ma sai ɗai-ɗai, sai jiƙaƙƙiyar ƙasa da ƙananan tafkuna baƙaƙe birjik har iyakar ganin ido. Wanda ya taka wurin zai ji yana lotsawa yana motsi a ƙarƙashin ƙafarsa, domin abin da yake takawa gansakuka ce: rayayya daga sama, matacciya daga ƙasa, ta yi shekara kusan 9,000 tana taruwa a kan juna, har a wasu wuraren zurfinta ya kai mita 10. Wannan baƙin taɓo da gansakukar ke bari a bayanta shi ake kira fit.

A gaɓar duwatsun da ke bakin tekun yankin kuma, da tsaunukan da ke cikinsa, akwai wani maƙwabci da bai yi kama da ita ta ko'ina ba. Shi ne shahon feregirin, wanda masana ke kira Falco peregrinus, halittar da ba a taɓa auna gudun wata dabba ya kai nata ba. Haɗa waɗannan biyu a ma'auni ɗaya zai yi kama da wasa, amma tarihinsu a ƙarni na 20 ya sarƙe da juna, har ma mutum ɗaya ne ya tsaya wa kowannensu a lokacin da yake gab da halaka.

Bahaushe ba baƙon shaho ba ne. Duk matar da ta taɓa kiwon kaji ta san yadda tsakar gida ke kaurewa da kuka idan inuwarsa ta gifta. Shahon da aka saba gani a ƙasar Hausa ɗan'uwan feregirin ne na kusa, shi kansa feregirin ɗin ma yana nan a Afirka, wasu mazauna ne, wasu kuma baƙi ne da ke tasowa daga ƙasashen ƙanƙara na arewacin duniya idan sanyi ya tsananta. In ban da yankin Antatika, babu nahiyar da ba ya rayuwa a cikinta. Girmansa bai wuce na hankaka ba sosai. Macen ta fi namijin girma da kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma ko ita da wuya nauyinta ya wuce kilo ɗaya da rabi.

Abincinsa tsuntsaye ne, kuma a sama yake kama su. Yakan hau can ƙololuwa ya yi ta shawagi, idan ya hango tattabara ko agwagwar ruwa sai ya naɗe fukafukansa a jiki ya sulmiyo da ka. A shekarar 1999, wani Ba'amurke mai horar da shaho, Ken Franklin, ya riƙa fitowa daga jirgin sama da laima tare da shahuwarsa mai suna Frightful, aka auna gudunta ya kai kilomita 389 a awa ɗaya. A irin wannan gudu ba ya bukatar kokawa. Da dunƙulallun ƙafafu yake bugun abin farautarsa, sau da yawa bugun kaɗai ya isa. Idan da sauran numfashi, a gefen bakinsa na sama akwai wani ɗan tsini da yake karya wuyan tsuntsun da shi.

Jikinsa duka an shirya shi don wannan ɗan lokaci. Yana da wata fatar ido ta uku mai shara-shara da ke share idon tana jiƙa shi yayin da iska ke dukansa. Masu bincike a Jami'ar Lund ta Suwidin sun gano cewa idonsa na iya rarrabe walƙiyar haske har sau 129 a daƙiƙa guda, alhali idon ɗan Adam yakan gaza tun daga wajen 60. A 2017 kuma wasu masana a Jami'ar Oxford suka ɗaura wa shahuna ƙananan kyamarori da na'urar bin sawu, suka tarar cewa yadda tsuntsun ke gyara hanyarsa yana bin abin da ke guje masa daidai yake da ƙa'idar da injiniyoyi ke sa wa makamai masu linzami.

Ita kuwa gansakukar, wadda ake kira sifagnum, ko saiwa ba ta da ita. Ba ta fure, ba ta da jijiyoyin da ke jan ruwa daga ƙasa. Akwai irinta wajen 380 a duniya, wasu kore, wasu ja, wasu ruwan ƙasa. Wadda ta fi dacewa a ajiye kusa da shahon ita ce Sphagnum austinii, mai launin ruwan ƙasa da ɗan ja-ja, wadda ke taruwa ta yi tudu mai tauri a tsakiyar fadama. Kowane zarenta daga kai yake girma, gindinsa kuma yana mutuwa, don haka ba a iya nuna ranar da tsiro ɗaya ya fara ko ranar da ya ƙare. Duk abin da take ci daga ruwan sama yake zuwa.

Wanda ya ɗauka cewa wannan halitta ba ta da ƙarfi bai dube ta da kyau ba. A cikin ganyenta, wanda kaurinsa ƙwayar halitta ɗaya ce tak, akwai manyan ɗakuna matattu da babu komai cikinsu, aikinsu kawai riƙe ruwa. Busasshiyar sifagnum na iya shan ruwan da ya ninka nauyinta sau 20. Da haka take ɗaga ruwa sama ta jiƙe duk inda ta sauka, ta hana iska shiga ƙasa. Sannan tana zuƙe ɗan gishirin ma'adinan da ke cikin ruwan ta sako tsami a madadinsa. Ruwa mai sanyi, mai tsami, marar iska, marar abinci: a irin wannan wuri saiwar itace ba ta kamawa, ƙwayoyin da ke ruɓar da matattun ganyaye ma ba sa iya aikinsu. Shaho yana kashe tattabara ɗaya a rana. Gansakuka tana kashe daji guda a hankali, ta mayar da wurin gidan da ita da 'yan tsirarun da suka iya jure mata kaɗai za su zauna. A cikin waɗannan akwai wani ɗan tsiro mai ganye mai danƙo da ke kama ƙwari yana narkar da su, saboda ƙasar ba ta da abin da za ta ba shi.

Abin da ba ya ruɓewa kuwa taruwa yake yi. Fit yana ƙaruwa da kimanin milimita ɗaya a shekara, wato mita ɗaya a shekara 1,000. Mutumin da ya tsaya a cikin rami mai zurfin tsayinsa, ƙafarsa na kan gansakukar da ta rayu tun kafin Hijira.

A 1950 wasu masu yankan fit don yin makamashi a kusa da Silkeborg ta ƙasar Denmak suka ci karo da gawar wani mutum, da igiya a wuyansa, da hular fata a kansa, har gashin gemunsa da tamojin goshinsa ana gani. Suka kira 'yan sanda, a zatonsu kisan kwanan nan ne. Ashe mutumin, wanda yanzu ake kira Mutumin Tollund, ya mutu ne wajen shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa. Ruwan fadamar ya jeme fatarsa kamar yadda majema ke jeme fata da bagaruwa. An ma iya duba cikinsa aka gane abincinsa na ƙarshe, fate ne na sha'ir da wasu ƙwayoyi, da ɗan kifi. A Ailan da Sikotlan har yau akan tono man shanu da mutanen da suka binne a fadama ɗaruruwan shekaru da suka wuce.

Wannan hali na gansakuka ya ceci rayuka. A Yaƙin Duniya na Ɗaya auduga ta yi ƙaranci, domin ana bukatarta wajen haɗa abubuwan fashewa, raunuka kuma suna ta ruɓewa a ramukan yaƙi. Wani likitan fiɗa na birnin Edinbara, Charles Cathcart, da masanin tsirrai Isaac Bayley Balfour suka ja hankalin hukuma ga sifagnum. Mata da yara suka bazama cikin fadamu suna tsinko ta, ana tsince ta, a busar, a ɗinke cikin 'yan jakunkunan yadi. Ta fi auduga shan jini da mugunya, tsaminta kuma yana dakushe ƙwayoyin cuta. Zuwa 1918 Birtaniya na haɗa irin wannan bandeji kusan miliyan ɗaya a kowane wata.

Ko a fagen gudu, inda kowa zai ce shaho ba shi da abokin karawa, gansakukar tana da abin nunawa. Ƙurar irinta tana cikin wani ɗan ƙoƙo mai murfi da bai wuce milimita biyu ba. Idan rana ta fito ƙoƙon ya bushe, sai ya tsuke, iskar da ke ciki ta matsu, murfin ya fashe da 'yar ƙara da kunne ke iya ji. A 2010 Dwight Whitaker da Joan Edwards suka ɗauki hoton wannan fashewa da kyamara mai tsananin sauri suka buga sakamakon a mujallar Science. Ƙurar tana fita da gudun wajen mita 16 a daƙiƙa, kuma ƙarfin tunkuɗar ya ninka ƙarfin jan ƙasa sau 36,000. Tana tashi cikin zoben iska mai juyawa da ke ɗaga ta kimanin santimita 10, wanda ya ishe ta ta shiga iskar da ke kaɗawa ta tafi nesa. Da haka tsiron da ke kwance a ƙasa ke aika 'ya'yansa wata fadamar.

Inda labarin biyun ya haɗu shi ne wajen Derek Ratcliffe, masanin halittu ɗan Ingila da aka haifa a 1929. Tun yana saurayi yake hawa duwatsu yana leƙa sheƙar shaho, kuma a lokaci guda ya ƙware a sanin gansakuka da tsirran tsaunuka.

Feregirin ya sha wuya a hannun mutane tun kafin nan. A 1940 gwamnatin Birtaniya ta ba da umarnin a harbe shi, saboda yana cinye tattabarun da ke kawo saƙon sojoji, aka kashe wajen 600. Bayan yaƙi ya fara farfaɗowa. A farkon shekarun 1960 masu kiwon tattabarun tsere suka kai kuka cewa shahuna sun yi yawa, aka ɗora wa Ratcliffe aikin ƙidaya su. Abin da ya tarar akasin ƙorafin ne. Duwatsun da aka san su da shaho shekara da shekaru sun zama kufai, inda ya rage kuma sai a ga fasassun ƙwai a sheƙa. Zuwa 1963 abin da ya saura bai kai rabin yawan da ake da shi kafin yaƙi ba.

Dabarar da ya yi mai sauƙi ce, kuma ita ce abin burgewa. Ya bi gidajen adana kayan tarihi da gidajen masu tara ƙwan tsuntsaye, ya auna nauyin ɓawon ƙwai da girmansa, yana duba shekarar da aka rubuta a jikin kowanne. Daga 1900 har zuwa tsakiyar shekarun 1940 ɓawon bai canja ba. Daga 1947 sai ya yi sirara farat ɗaya da kusan kashi 20 cikin ɗari. A daidai lokacin ne maganin ƙwari na DDT ya shiga gonaki. Tsuntsaye suna cin hatsi da ƙwari masu guba, shaho yana cin tsuntsayen, gubar tana taruwa a kitsensa, ta hana macen zuba wa ɓawon ƙwanta isasshen sinadarin kalsiyam. Uwa ta hau kwanci, ƙwan ya fashe a ƙarƙashinta. Wasu magungunan da ake cuɗa iri da su, irin su dieldrin, su kuma kai tsaye suke kashe manyan. Ratcliffe ya buga binciken a mujallar Nature a 1967.

A Amurka abin ya fi muni, domin zuwa tsakiyar shekarun 1960 babu feregirin ko ɗaya da ke ƙyanƙyasa a gabashin kogin Misisifi. Aka hana amfani da DDT a gonakin ƙasar a 1972. Tom Cade na Jami'ar Cornell da abokan aikinsa suka shiga kiwon shahuna a keji suna sakin 'ya'yansu, dubbai aka saki, kuma a 1999 aka cire tsuntsun daga jerin halittun da ke fuskantar ƙarewa. A Birtaniya ƙidayar 2014 ta sami gida 1,769, kowane gida mace da namijinta, fiye da yadda aka taɓa ƙirgawa. Yau suna ƙyanƙyasa a kan hasumiyoyin coci-coci da dogayen benayen Landan da gadojin New York, inda tattabaru ba sa yankewa, jama'a kuma na kallon 'ya'yansu kai tsaye ta intanet. Macen na yin ƙwai uku ko huɗu a shekara, 'ya'yan su tashi cikin mako shida, su fara nasu gidan bayan shekara biyu. Da aka janye guba, shekara 30 ta ishe shi ya dawo.

Gansakuka ba ta sami wannan gata ba, kuma dalilin a fili yake. Shaho yana da ido, yana da fuska, ana iya sa masa suna. Fadama kuwa ɗaruruwan shekaru ana kallonta a matsayin ƙasar banza da ke jiran a gyara ta. Idan masana suka zura bututu cikin tsofaffin fadamun Ingila da Wales suka zaro fit, sukan tarar mita bayan mita ganyen Sphagnum austinii ne zalla, sannan a wajen sama sai ta ɓace. Ta fara ja da baya ne a cikin shekara 2,000 da suka wuce, lokacin da sare daji da noma da ƙone-ƙone suka ƙaru, ƙura da toka suka riƙa sauka a kan tsiron da ya saba da ruwan sama tsantsa. Yau a 'yan wurare kaɗan ake samunta a can, sai a arewacin Sikotlan da Ailan take da sauran ƙarfi. A tsaunukan da ke kewaye da Mancesta kuwa, hayaƙin kwal na masana'antun ƙarni na 19 ya kashe kusan kowace irin sifagnum, ya bar baƙar ƙasa tsirara ruwa yana zaizaye ta.

Sai kuma aka waiwayo Flow Country. Daga ƙarshen shekarun 1970 dokar haraji ta Birtaniya ta ba masu kuɗi damar rage harajinsu idan suka zuba jari a dashen itatuwa, fadamar kuma ita ce ƙasa mafi araha. Aka shigo da manyan garemani aka tsattsaga ta, aka haƙa magudanai don ruwan ya tsiyaye, aka dasa itatuwan katako 'yan asalin Amurka ta Arewa. Cikin 'yan shekaru fiye da hekta 60,000 an dasa ko an ware don dashe. Itatuwan da yawa ba su ma yi kyau ba, iska na kayar da su. A wannan lokaci Ratcliffe shi ne babban masanin kimiyya na hukumar kare halittu ta ƙasar, Nature Conservancy Council, kuma ya tsaya kai da fata. Hukumar ta fitar da rahoto a 1987 da ya nuna irin ɓarnar da ake yi, rigima ta kaure tsakaninta da 'yan siyasa da masu harkar katako, kuma a kasafin kuɗin 1988 ministan kuɗi Nigel Lawson ya soke rangwamen. Ba a daɗe ba gwamnati ta rarraba hukumar gida-gida, abin da mutane da yawa suka ɗauka sakayya ce kan wannan tsayuwa.

A nan ne ma'aunin ya karkata, kuma ya karkata ne wajen gansakuka. Da feregirin ya ƙare, da duniya ta yi babban rashi, amma ruwan sama da zafin rana ba za su canja ba. Fadamun fit kuwa, waɗanda ba su wuce kashi 3 cikin ɗari na doron ƙasa ba, suna riƙe da sinadarin kabon da ya fi na dukkan itatuwan dazuzzukan duniya. A Flow Country kaɗai an ƙiyasta tan miliyan 400, fiye da ninki biyu na abin da ke cikin dazuzzukan Birtaniya gaba ɗaya. Muddin fit yana jiƙe, kabon ɗin yana kwance. Da zarar an tsiyaye ruwan, iska ta shiga, sai ruɓewar da aka dakatar shekaru dubbai ta ci gaba, kabon ɗin ya tashi sama ya ƙara ɗumamar duniya. Fadamun da aka busar su ne ke fitar da kimanin kashi 4 cikin ɗari na iskar ɗumamar yanayi da ɗan Adam ke jawowa. A watan Mayun 2019 gobara ta ci wani sashe na Flow Country kwana shida, aka ƙiyasta ta saki abin da ya kai tan 700,000 na wannan iska. Irin wannan hayaƙi ba ya tsayawa a kan iyakar ƙasar da ya tashi, manomin da ke jiran damina a Maraɗi ko Katsina yana cikin masu biyan kuɗinsa.

Ratcliffe ya rasu a 2005, bai ga ranar da hukumar UNESCO ta sa Flow Country cikin wuraren tarihi na duniya ba. An yi hakan a watan Yulin 2024, kuma ita ce fadamar fit ta farko da ta sami wannan matsayi saboda kasancewarta fadamar fit. A gandun Forsinard, wanda ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB ke kula da shi, tun tsakiyar shekarun 1990 ake sare itatuwan da aka dasa, ana toshe magudanai don ruwa ya sake tsayawa. A tsaunukan kusa da Mancesta ma'aikata da 'yan sa-kai na bin ƙasa suna dasa sifagnum da hannu, ɗan dunƙule bayan ɗan dunƙule. Inda ruwa ya dawo, koren shimfiɗar kan bayyana cikin shekara 10 zuwa 20, amma kowace santimita 10 ta fit da ta zaizaye sai ta ci shekara 100 kafin ta maye gurbinta, kuma har yanzu kusan kashi 80 cikin ɗari na fadamun fit na Birtaniya a lalace suke.

Shi ma shahon bai gama tsira ba a wuraren da ya fito. Ƙidayar 2014 ɗin da ta nuna yana ƙaruwa a birane da filayen Ingila ita ce ta nuna yana raguwa a tsaunukan Sikotlan, inda abincinsa ya yi ƙaranci, kuma a wasu filayen da ake kiwon tsuntsaye don a yi farautarsu har yanzu ana harbinsa ana sa masa guba a ɓoye, duk da dokar da ta hana.